Saki Jikinka, Lamba Tara

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan bas ɗin kamfani a hanya ɗaya, daga tashar kasuwa zuwa ƙofar asibiti, ya juyo, ya sake komawa, har sunansa na yanka ya ɓace, mutane suka liƙa masa lambar da ke goshin motar. Lamba Tara ake ce masa a gareji, Lamba Tara ake ce masa a layinsu, har matarsa in ya ƙular da ita haka take kiransa. A duk shekarun nan bai taɓa yi wa motar kowa ko ƙwarzane ba, kuma ya san da haka, don ba a raba shi da faɗa.

Ba wani sirri a ciki. Mutumin bai taɓa yarda da titi ba ne kawai. In ya hau kujera ya kama sitiyari, wuyansa a miƙe yake, ya dubi gaba, ya dubi madubin dama, ya leƙa na hagu, ya dawo gaba, haka har ya kashe mota. Fasinja ya gaishe shi, sai dai ya amsa wa gilashi. Ko a gida ana hira idonsa yawo yake yi tsakanin ƙofa da taga, har 'yarsa ta ƙarshe, wadda suke kira Auta, take cewa Baba yana duba ko wani babur zai faɗo falo ta hagu.

Sai dai mai gadin rayukan mutum arba'in bai yi gadin nasa jikin ba. Kujera ta cinye shi. Tumbi ya fito har yana gogar ƙasan sitiyari, gwiwar hagu mai taka kuloci ta fara ƙara in zai hau matakala. Aikinsu kashi biyu ne: daga shida zuwa goma na safe, a huta, a koma ƙarfe ɗaya har shida na yamma. Wannan hutun na tsakiya shi ya gama da shi. Zama ake yi a benci a bayan gareji, a ci mai maiƙo, a kora da baƙin shayi mai kauri, sukari cokali huɗu, kofi biyu, ran da hira ta yi daɗi uku. Shayin nan ne ke riƙe masa ido duk yamma.

Ranar awon shekara, likitar da kamfani ke tura direbobi wurinta ta ɗaura masa abin awon jini a damtse sau uku. Mace ce mai tabarau, ba ta da lokacin dariya. Ta rubuta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, jininka ya hau sosai. Nauyinka ma ya wuce ƙa'ida. A haka ba zan iya sa hannu ba."

Ya san ma'anar wannan. In babu sa hannunta, babu sitiyari. Shekararsa hamsin da huɗu, bai iya komai ba sai tuƙi, ga Auta saura mata shekara biyu ta gama makarantar koyon jinya.

"Likita, ki duba tarihina. Ko ƙwarzane..."

"Na duba. Jini ba ya karanta tarihi. Na ba ka wata uku, ka ci gaba da aiki, ka sha maganin nan, ka bar sukari da baƙin shayi, ka motsa jiki. Ka dawo mu sake gani."

"Wane motsa jiki kuma? Ni da nake yini a hanya?"

"Motar ce ke tafiya, Baba. Kai a zaune kake."

Ya nuna mata gwiwarsa. Ta latsa, ya cije leɓe. Ta ce to gudu dai ba nasa ba ne, doguwar tafiya ma za ta kumbura masa ƙafa. Iyo zai yi, don ruwa ne zai ɗauke nauyin, gaɓoɓi su yi aiki ba tare da sun sha wuya ba. Ya ce bai iya iyo ba. Ta ce ai tuƙin ma ba da shi aka haife shi ba, ta kira na gaba.

Da ya faɗa a gida, matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ne za ka shiga ruwa? Ai sai ruwan ya fito ya ba ka wuri." Da ta dubi fuskarsa, dariyar ta mutu a bakinta. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Da gaske za su karɓe motar?" Ya ce da gaske. Washegari Auta ta dawo da tabarau na ruwa da wani gajeren wando mai faɗi, ta ajiye masa a kan gado.

Wurin iyon yana bayan filin wasanni, tafiyar minti goma daga gareji. Ɗaki ne babba mai rufin kwano mai tsawo, da warin maganin da ake zuba wa ruwa, da amon murya da ke dukan bango ya dawo. Da hantsi babu kowa sai tsofaffi biyu ko uku da mai koyarwa, wani siririn dattijo baƙi mai santsin fata da kowa ke kira Tarwaɗa. Lamba Tara ya daɗe a ɗakin sauya kaya. Tun da ya girma babu namijin da ya ga cikinsa a waje. Ya fito rungume da tawul, kunya kamar ta kashe shi.

Tarwaɗa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Na ga waɗanda suka fi ka. Ajiye tawul ɗin, Yallaɓai, ba sace shi za a yi ba."

Ya sauka ta matakala a gefen da ba zurfi, ruwa iya ƙirji. Nan take ya cafke ƙarfen bakin tafkin da hannu biyu, dama da hagu, daidai yadda yake riƙe sitiyari. Tarwaɗa ya ce ya sa fuskarsa cikin ruwa ya hura iska. Ya sunkuya, haɓarsa ta taɓa ruwa, sai kai ya ɗago da kansa, ido ya dubi gaba, ya dubi dama, ya leƙa hagu.

"Me kake nema?"

"Ba komai."

"Wane aiki kake yi?"

"Direba."

"Haba, shi ya sa. To nan babu mai tsallaka titi. Sa kanka ƙasa, saki jikinka."

Wannan kalma ita ya riƙa ji kullum har ta fara zuwa masa a mafarki. Saki jikinka. Tarwaɗa ya tallafe shi ta baya, ya ce ya kwanta a kan ruwa kamar yana kan katifa, shi kuwa sai wuya ya sandare, ƙafafu su nutse, ya kurɓi ruwa ya tashi yana tari, ido jajir. Ran nan haushi ya kama shi ya ce, "Malam, ni da ina sakin jiki, da yanzu an binne mutane da yawa." Tarwaɗa ya ce, "Na yarda. Amma nan in ka ƙi saki, kai kaɗai za a binne. Ruwa ba ya ɗaukar mai faɗa da shi. Sake kwanciya."

Sati uku yana wannan fama. Tsofaffin da ya tarar suna wuce shi suna kai da komo, shi yana nan manne da bango kamar ƙadangare. A gareji labari ya bazu. In ya dawo da jiƙaƙƙen tawul a leda, 'yan benci su ɗaga masa kofi su ce, "Ga kifi ya dawo! Lamba Tara, yau ka kai tsakiya ko har yanzu kana tasha?" Ya yi yaƙe ya wuce. Ƙamshin shayin yana bin sa har cikin mota, kansa yana sarawa, ga yunwa, ga sikeli ya ƙi motsi. Sau biyu yana tsayawa a ƙofar wurin iyon ya ji kamar ya juya. Abin da ke tura shi ciki ba ƙarfin zuciya ba ne, tsoro ne tsagwaronsa.

Ranar da abin ya faru bai shirya mata ba. Ya gaji ne kawai. Ya kwanta a hannun Tarwaɗa, ya ce a ransa to in nutsewar ce a nutse, ya bar wuyansa ya faɗa baya. Ruwa ya rufe kunnuwansa. Sai ya ji shiru. Ashe shekara ashirin da bakwai akwai gurnanin inji a cikin kansa, ko yana barci, ko yana cin abinci, bai san yana nan ba sai da ya ɗauke. Yana kallon rufin kwano, hasken ruwa yana rawa a jikinsa, ƙafafunsa suka taso da kansu. Can ya hango Tarwaɗa tsaye nesa da shi, hannu biyu a sama, yana dariya. Babu mai riƙe da shi. Wannan ƙaton jikin da ya zame masa kaya, ga shi ruwa ya ɗauka kamar ba komai ba. Da ya miƙe ya cire tabarau, sai da ya zubar da ruwan da ya taru a ciki, kuma ba na tafkin ba ne.

Daga nan abu ya miƙe. Ya koyi jan ruwa da hannu, ya koyi juya kai gefe ya shaƙi iska ya mayar. Tsawon tafkin sau biyu, sai sau shida, sai sau goma. Ya ƙara huda a bel ɗinsa da ƙusa, bayan sati biyu ya sake ƙara wata. Tumbi ya bar gogar sitiyari. Gwiwa ta yi shiru. Matarsa ta daina sa masa gishiri da mai yadda ya saba, tana mita tana yi, ta ce ita dai an mayar mata da miji saurayi da tsufanta, ina za ta kai shi. Auta ta lura da wani abu dabam.

"Baba, ka san yanzu in ana magana kana kallon mutum?"

Ya yi dariya. Ya ji daɗin maganar fiye da yadda ya nuna.

Abu ɗaya ne Tarwaɗa yake nanata masa. In ya fito daga ruwa, ya zauna a bencin waje rabin awa, ya ci wani abu, ya sha ruwa, kafin ya tafi. "Gajiyar iyo ba nan take take zuwa ba, Yallaɓai. Sai ka bushe ka zauna, sannan ta sauko maka." Yana bin maganar. Yakan zauna ya ci burodi da ayaba, wani lokaci ya ɗan runtsa na minti goma, ya tashi garau ya koma aiki. Duk da haka wajen ƙarfe biyu hamma takan zo masa a kan sitiyari, abin da bai sani ba a da. Yakan buɗe taga iska ta buge shi, ya ce ai rashin shayi ne, zai wuce.

Saura sati ɗaya wata ukun su cika, ya tsaya a wani kantin magani ya ce a auna shi. Mai kantin ya duba ya ce an samu sauƙi ƙwarai, amma har yanzu ya ɗan haura layin da ake so, kaɗan dai. Wannan kaɗan ɗin ya hana shi sukuni. Duk wahalar nan, duk dariyar 'yan benci, a ce kaɗan ce za ta kayar da shi? Ya yanke wa kansa hukunci ba tare da ya shawarci kowa ba: sau goma zai koma sau ashirin, kuma rabin awar zaman benci ɓata lokaci ne, a cikin ruwa zai cinye ta.

Ranar Litinin, saura kwana uku awo, ya yi sau ashirin da biyu. Tarwaɗa yana bakin tafki yana buga agogon hannunsa da yatsa, shi yana yi kamar bai gani ba. Ya fito ɗaya saura kwata, ya zura kaya a jiƙaƙƙen jiki.

"Zauna ka ci wani abu mana."

"Na makara, Malam. Gobe."

Ya isa gareji da sassarfa, ruwa na ɗiga daga kunnensa, ya tayar da mota ɗaya daidai. Jikinsa sakayau, zuciyarsa wasai. Bai taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Ya yi zuwa ɗaya lafiya, ya juyo daga asibiti da mota cike, har da na tsaye.

A mararrabar gidan waya akwai danjar da duk direba ya sani, in ta tsayar da kai sai ta yi minti ɗaya da rabi. Ta tsayar da shi. Ya cire giya, ya ja birkin hannu kamar yadda ya saba. Rana ta ratso gilashi ta kwanta masa a cinya da ƙirji, ɗumi mai daɗi. Inji yana kaɗa kujera a hankali. Hayaniyar fasinjoji ta yi nisa, kamar an sa kunnuwansa cikin ruwa. Kafaɗunsa suka sauka. Wuyan nan da ya yi shekara ashirin da bakwai a miƙe, wanda aka sha wuya sati uku kafin a koya masa kwanciya, ya tuna darasinsa, ya faɗa baya ya jingina.

Hon ɗin motoci ne ya fara ji, sannan hannun wata mata a kafaɗarsa. "Direba! Direba, lafiya?" Ya zabura. Danja kore ce, motoci sun yi layi a bayansa har inda madubi ya ƙare. Wani mutum mai kwat yana tsaye a gefensa, ya saita masa waya a fuska.

"Sau biyu aka ba ka hannu, kana minshari," in ji mutumin. "Da rayukanmu kake wasa?"

Lamba Tara ya mayar da ido kan titi. Ya sa giya, ya saki birki, ya ja. Ya kai kowa tasharsa lafiya, ya ƙarasa aikin ranar har shida, ido a buɗe kamar an sa masa tsinke, babu abin da ya taɓa kowa.

Da safe bai kai ga mota ba aka ce manaja na kira. Manajan nan yaro ne a kansa, ran da ya fara aiki a kamfanin Lamba Tara ne ya zagaya da shi ya nuna masa hanyoyi. Manajan ya miƙe ya ba shi kujera, ya rufe ƙofa, ya juyo masa da waya. Ga shi nan a hoto, kai a baya, baki a ɗan buɗe, fuska a sake kamar ta jariri. Bai taɓa ganin fuskarsa cikin kwanciyar hankali haka ba. Hoton ya zagaya gari tun jiya, da sunan kamfani a rubuce ɓaro-ɓaro a saman gilashi.

"Ranka ya daɗe, na ja birkin hannu. Ka duba, a tsaye motar take."

"Na gani, Baba. Shi ya sa muke magana a nan, ba a wani wuri ba."

"Iyo ne. Likita ce ta ce in yi. Na wuce ƙa'ida ne jiya kawai, ban huta ba. Ba zai sake faruwa ba, wallahi. In shayin ne ma in koma sha."

Manaja ya sunkuyar da kai yana juya biro. Da ya yi masa tsawa ma da ya fi sauƙi. Ya ce tun asuba ake kiransa daga sama, ya roƙa, ya kawo maganar shekara ashirin da bakwai, aka ce dokar barci a kan sitiyari ba ta da sai dai. Ko an yi haɗari ko ba a yi ba, sallama ce.

"Jibi ne fa awona. Jibi."

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri."

Lamba Tara ya ciro makulli da katin aiki ya ajiye a kan tebur. Da ya fito, 'yan benci suna zaune da kofunansu. Babu wanda ya ce kifi. Ɗaya ya matsa ya ba shi wuri, ya girgiza kai ya wuce.

Matarsa tana shanya ya shigo da hantsi, lokacin da bai taɓa shigowa ba. Ta dube shi, ta dubi hannunsa da babu makulli. Ashe maƙwabciya ta riga ta nuna mata hoton, ta yi shiru ne tana fatan a yi masa afuwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba, don babu abin da ta faɗa. Ta ce, "Ka ci abinci?" Ya ce a'a. Ta sa masa, ya zauna yana kallon kwanon har ya huce. Da Auta ta dawo da yamma ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ni na sayo maka tabarau ɗin nan." Ya ce ta tashi, kada ta sake faɗin haka, ita ba ta yi komai ba. Shi ma ya rasa wanda ya yi.

Ranar Alhamis ya tashi ya yi wanka ya sa kayan kirki. Matarsa ta ce ina zuwa. Ya ce asibiti, ai yau ne. Babu wanda ya tuna ya soke sunansa a wurin likita, shi kuma ya kasa zama a gida ranar da ya yi wata uku yana ƙirgawa.

Likitar ta ɗora shi a sikeli, ta duba, ta sake dubawa. Ta ɗaura masa abin awo sau ɗaya, ta sake na biyu. Sai ta cire tabarau ta yi murmushi, karo na farko da ya ga haƙoranta.

"Baba, ka ba ni mamaki. Kilo goma sha ɗaya! Jini ya sauka daidai. Ka san mutum nawa nake gaya wa haka su ƙi ji? Daga yau da kai zan riƙa ba da misali." Ta jawo takarda ta rubuta cewa ya cancanci tuƙi, ta sa hannu, ta buga hatimi da ƙarfi. "Ka kai wa manajanku. Kuma kada ka bar iyon nan, shi ya cece ka."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya so ya gaya mata an sallame shi, ya fasa. Ya ce ya gode, Allah ya saka, ya fito.

A ƙofar asibiti ya tsaya cikin masu jiran mota. Tara ta zo, motarsa, da tsagar nan a madubin hagu da ya sha roƙo a canja. Wani sabon direba ne a kujerar, ya matso da ita gaba don ƙafarsa ba ta kai ba. Direban bai san shi ba, ya ce, "Baba, a shiga da sauri." Ya shiga ya zauna can baya, takarda a cinya. Duk inda ya kamata a rage gudu, ƙafarsa ta dama tana danna ƙasan mota. A mararrabar gidan waya danja ta tsayar da su, ya sunkuyar da kai har aka wuce. Baƙin ciki ne irin wanda ba ya fita da kuka, yana nan dai zaune a ƙirji.

Ya sauka a filin wasanni, don ƙarfe goma ta wuce kuma ƙafarsa ba ta san wani wuri ba a wannan lokaci. Tarwaɗa yana tsame ganye daga ruwa da raga. Ya ga hoton shi ma, kowa ya gani. Ya ajiye ragar.

"Yallaɓai, da na sani da na tare ƙofa ran nan."

"Na ci awo, Malam." Ya miƙa masa takardar. "Ka gani. Lafiyata ƙalau."

Tarwaɗa ya karanta, ya ninke ta a hankali ya mayar masa. Sai ya ce, "Shiga ruwa ka ɗan huce. Ga wando nan na aro."

Lamba Tara ya sa takardar cikin takalminsa don kada ta jiƙe, ya sauka ta matakala. Ruwan yana nan yadda ya bar shi. Ya juya baya ya kwanta, yana neman shirun nan ko na minti ɗaya. Kunnensa bai kai ga ruwa ba wuya ya sandare, kai ya ɗago, ƙafafu suka nutse. Ya kurɓi ruwa ya tashi yana tari. Ya sake gwadawa, haka. Tarwaɗa ya shigo ya sa masa hannu a baya kamar ranar farko.

"Na riƙe ka. Saki jikinka."

"Na saki sau ɗaya, Malam," in ji shi.

Ya lalubo ƙarfen bakin tafkin ya kama da hannu biyu, dama da hagu. Ya tsaya nan ruwa iya ƙirji, ya dubi gaba, ya dubi dama, ya leƙa hagu. Babu kowa a tafkin sai su biyu, kuma har ƙarfe ɗaya ta wuce bai saki ƙarfen ba.